Faɗin Yatsa Ɗaya na Baƙin Mai

Malam, don Allah ka agaza mani da shawara kafin in aikata abin da zai sa in zo ina cizon yatsa. Yau kwana biyar motata na tsaye ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gidana a Kunduru. Ga cinikin gyaɗa ya buɗe, motocin mutane sai zirga-zirga suke zuwa Kano, ni kuwa tsoro ya hana ni ko tada ta.

Ni asalina manomi ne. Bara na sayar da shanu bakwai da na gada wajen ubanmu, na sayi tsohuwar lori hannun wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, a Kano. Ni ke tuƙa abata, kuma ita ke nan gare ni, in ta mutu na koma fartanya babu ko saniya. Wanda ke duba mani ita shi ne Labaran, mijin ƙanwata Kulu, yana da rumfa bakin titi a Kankiya. Shi ba gadon kanikanci ya yi ba. Gidansu man gyaɗa suke yi, tun yana saurayi shi ke aunar wa uwarsa a kasuwa, daga baya ya tafi Kano ya shekara biyu a gareji ya dawo da sifanoni. Ban taɓa kama shi da wani abu ba, wannan kam zan faɗi gaskiya.

Ranar Laraba na kai mashi motar ya yi mani juyen mai. Ina tsaye ya zubar da tsohon, ya ɗaure notin, ya zuba sabo, ya zaro sandar awon nan ya nuna mani mai ya kai daidai zanen sama. To, a nan ne abin yake. Maimakon ya rufe, sai ya ɗauko wani ɗan gwangwani, ya kanfato mai daga garwarsa ya ƙara, ya dube ni ya yi wata 'yar dariya, sannan ya rufe murfi. A lokacin ban kawo komai a raina ba, hankalina na kan wani mutum da ke son in ɗauko mashi buhuna daga Tafashiya. Washegari da safe na zaro sandar kamar yadda Kwaran ya koya mani, sai na ga mai ya haura zanen da faɗin yatsa ɗaya. Na goge na mayar har sau uku, bai sauka ba.

Na hau keke na tafi Yashe wajen Gajere, wani tsohon direba da ya tuƙa motar soja lokacin yaƙi. Ya ce mani mai in ya yi yawa ya fi ƙaranci illa, yana yin kumfa, ya fasa ko'ina, kuma shi da idonsa ya ga injin da ya mutu haka. Ya tambaye ni wa ya yi aikin. Da na ce Labaran ne sai ya kaɗa kai, ya ce sau biyu yana ganinsa a kasuwar Kusada yana cin tsire da Bubayero. Shi Bubayero motocinsa biyu, kuma tun da na fara ɗaukar kayan mutanen ƙauyenmu bai sake amsa gaisuwata da fara'a ba.

Tun daga nan raina bai kwanta ba. Sai nake ta tuno abubuwa. Da aka yi sunan ɗan Labaran da Kulu na fari ban samu zuwa ba, ina Kano taya ta fashe. Labaran ya ce ba komai, amma ni na ga gaisuwarsa ta gajarta tun daga ranar. Kuma in ba da wata manufa ba, me zai sa mutum ya nuna maka awo ya cika, sannan ya ƙara? Ita kuma dariyar nan ta mece ce? Gaskiya daga Kankiya zuwa gida ban ji injin ya canza kuka ba, ban ga hayaƙi ba, amma na san mai mugun nufi ba zai yi abin da za a gane a ranar ba.

Abin da ya fi ba ni kunya, jiya Kulu ta zo gaishe ni da ƙwaryar fura, goye da yaron. Ta tambayi dalilin da motar ke tsaye, na ce hutu nake. Tana magana ina kallon fuskarta ina neman alamar ko ta sani. Ƙanwata ce ciki ɗaya, ni na riƙe ta bayan rasuwar iyayenmu, ni na ba da aurenta, ga shi yau ina zarginta kamar ɓarauniya. Da ta tafi sai da na yi ƙwalla.

Yanzu na naɗe sandar awon a tsumma, niyyata ranar Litinin in kai ta gaban alƙali a Kankiya in yi ƙarar Labaran. Na san in na yi haka zumunci ya ƙare, auren Kulu ma ban san inda zai tsaya ba. In kuma na yi shiru alhali da gangan ya yi, na zama sakarai, gobe sai ya yi wanda ya fi wannan. Malam, injina ya lalace ke nan? Kuma in kai ƙarar ko kuwa?

Mai Lori Ɗaya, Kunduru

AMSA

Mai Lori Ɗaya, da farko kwance tsumman nan ka mayar da sandar awo mazauninta kafin ƙasa ta shiga injin. Wannan ita ce ɓarna ɗaya da na hango a wasiƙarka.

Na kai maganarka wajen wani babban bakanike na ma'aikatar En'e, wato hukumar gargajiya. Ya ce Gajere bai yi ƙarya ba, mai in ya yi yawa ƙwarai yana kumfa, yana tsiyaya, yana ƙonewa ya ɓata fulogi. Amma faɗin yatsa a injin lori ba shi ne yawa ƙwarai ba, kuma tafiyar Kankiya zuwa Kunduru ba ta yi mata komai ba. Ka fara tura ta fili mai shimfiɗe, don gindin itace ba kasafai yake daidai ba, ka auna da safe kafin ka tada ta. Ka duba ko akwai kumfa a jikin sandar, ko ɗigon mai a ƙasa, ko shuɗin hayaƙi a salansa. In man na nan bisa zane, sai a ajiye kwano mai tsabta ƙarƙashin inji, a sassauta notin kaɗan ba tare da an cire shi ba, a bar shi ya tsiyaya, a ɗaure, a sake aunawa. Aikin minti goma sha biyar ne, kai kuwa ka ba shi kwana biyar a tsakiyar kaka.

Ban ga laifinka ba da ka tsorata, wanda ya zuba gadonsa duka a abu ɗaya dole ya riƙa firgita. Ban kuma san zuciyar Labaran ba, Allah kaɗai ya sani. Amma mai son kashe inji yashi yake zubawa, ko ya bar noti a sake, kuma ba ya yi a gaban mai mota da sabon man garwarsa. Kai da kanka ka ce a kan aunar da man gyaɗa ya girma. Ka taɓa ganin mai awo a kasuwa ya auna wa ɗan'uwa, ya rufe ba tare da ya yi masa gyara ba? A ganina abin da Labaran ya yi ke nan. Ya cika maka awo, ya ƙara maka gyara don kai yayan matarsa ne, ya yi dariya yana jiran ka ce an gode. Cin tsire da Bubayero kuwa, bakanike da duk mai mota yake hulɗa, da haka yake ci.

Duk da haka kuskure ne, kuma bai kamata ka haɗiye ba, don zai yi wa wani da gwangwanin da ya fi wannan girma. Ka tuƙa motar a hankali ka kai masa. Ka ja shi gefe, ba a gaban mutane ba, ka nuna masa sandar, ka gaya masa inji ba ya son gyara, ka ce shi zai rage da hannunsa. Yadda ya karɓi maganar zai nuna maka abin da Gajere ba zai iya nuna maka ba.

Maganar alƙali kuwa, ka bar ta. Alƙali zai saurare ku ya tashi ya tafi gidansa, kai ma ka koma Kunduru. Kulu ce za ta koma ɗakin mutumin da yayanta ya kira maci amana a gaban jama'a, ta dafa masa abinci a ranar, kuma ba ta da wani yayan da za ta kai wa kuka.

Allah Ya tsare hanya, Ya sa ka ci kasuwar bana, Ya bar ku tare.