Kada A Gyara Rakodar Nan

Da sunan Allah, Mai rayawa, Mai kashewa.

Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina. Ba zazzaɓi ne yake magana ba, babu kuma wanda ya tsaya a kaina ya ce in faɗi kaza. Ƙirjin ne ya lalace, kan yana nan daram. Rubutun zai karkace, don karatuna bai yi nisa ba, ga tari yana girgiza mini biro. Ku bi shi a hankali. Ku uku na rubuta wa: ke Uwata, babbarsu, da kai Injiniya, da ke Auta wadda sai an karanta miki. Na san a gaban manya za a buɗe takardar nan, kuma ina so su ji.

Ban tambayi likita ba, shi ma bai faɗa mini ba. Amma da, duk zuwan da na yi sai ya canja magani. Yanzu ya daina, sai tambayar shekarun yarana yake yi. Wannan ya ishe ni. Mahaifiyarku ta riga ni, ga shi ni ma na kama hanya ban ga furfurata ba. Ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Tsorona ɗaya ne, kuma ba kabari ba ne: kada a raba ku.

Na ɗaya. Ɗakin nan haya ne, abin da ke cikinsa kuma kun san shi. Katifa, tukwane, akwatin mahaifiyarku da keken ɗinkinta, kowanne ya zauna inda yake, a hannun Kaka. Ita ta haifi uwarku, ita ta dawo ta riƙe Auta tun tana tsumma, kuma keken nan da take takawa shi yake ci da mu tun da na kwanta. A wurinta na bar ku, ku ukun, ƙofa ɗaya, kwano ɗaya. Na san ba ta da ƙarfi. Ban zaɓe ta don ƙarfi ba. A cikin duk masu shigowa ɗakin nan, ita kaɗai ce in ta shigo da abu a leda take kasa shi uku.

Na biyu. Kwalin kaset da ke ƙarƙashin gado na Uwata ne. Kafin ki taɓa komai, ki ware baƙar ledar da ke sama, na mutane ne. Akwai na direban tanka, wanda ya kawo in haɗa masa zaren da ya tsinke, na haɗa da jan farce, bai dawo ba. Akwai na matar mai aski, muryar mijinta ce a ciki yana rera wa jariri. Na ji ta koma bayan kasuwa, ki neme ta. Abin da na riƙe na mutane ke nan.

Sauran namu ne. Ku ba ku ga lokacin ba, kun taso waƙa tana cikin waya kamar ruwa a famfo. Mu sai mun yi farauta. Ka sayi farin kaset, ka ɓare ledar da farce, wani ƙamshi ya bugi hancinka wanda har yau ban ji irinsa ba. Ka zauna gaban rediyo, yatsa biyu a kan maɓalli, kana jiran mai gabatarwa ya yi shiru, kuma ba ya shiru, sai ya jefa gaisuwa a tsakiyar amshi ya ɓata maka aiki. Daga nan na koyi haƙuri. Daga baya na sami rumfa a bakin tasha, da rakoda mai baki biyu, ina haɗa wa direbobi da samari. Mutum ya zo da kaset biyar, ya ce ɗauko mini wannan daga nan, wancan daga can. In lissafa tsawon gefe da ido, kada zare ya ƙare waƙa tana tsakiya. In na gama in karya ɗan haƙorin da ke gindin kaset, don kada wani ya ɗauki wani abu a kai.

Masu jan rubutu a kwalin, su na haɗa wa mahaifiyarku tun ina nemanta, har bayan aure. Tsakanin waƙa da waƙa akwai muryarta, don nakan danna ɗauka ba ta sani ba, ta yi ta yi mini tsiya a kan hular da nake sawa. A duniyar nan babu inda muryarta ta rage sai nan. Kada su sha rana, kada a ajiye su kusa da sifika.

Na uku. Wannan ba rabo ba ne, abin da na gani ne daga kan katifar nan, don mai ciwo ba shi da aiki sai kallo. Sana'ata zaɓe ce. Na san idon mutumin da ya zo ɗaukar waƙa ɗaya ya bar sauran kaset ɗin. Na ga idon nan a ɗakin nan.

Baffanku, yayana, mai shagon kayan mota a can nesa, in ya zo ba ya daɗewa a kan fuskata. Hannun Injiniya yake kallo, yadda yake riƙe sukuddireba. Zuwansa na baya ya kawo takalmi ƙafa ɗaya, ya yi wa yaron cif, kuma ban ga lokacin da ya auna ba. Gwaggonku kuwa in ta zo da jaririnta, ta koma ɗora shi a bayan Uwata tun daga bakin ƙofa, ta zauna tana duba yadda take wanke kofi, har ta ɗaga shi ta haska a taga. Auta fa, mai jan ƙafar hagu, mai kukan dare? Su biyun suna shafa kanta in za su fita. Ban ji wanda ya tambayi ajinta ba. Na sha ganin abin da ke faruwa da kaset ɗin da aka kwashe masu daɗin cikinsa. A rumfa ake mantawa da shi.

Na huɗu, kuma don shi na ɗauki biro. Rakodar nan ta kan akwati, ita ce ta rage mini bayan rumfar ta mutu na shiga aikin niƙan dutsen da ya cinye mini huhu. Kun san halinta. Ƙofar kaset ba ta rufuwa sai an danne ta da tafin hannu, wannan aikin Auta ne. Wayar wuta ba ta kamawa sai an murɗa ta an riƙe a gindi, Injiniya ne ya san inda take so. Kuma takan tauna zare ba sallama, sai Uwata ta tsaya da biro a hannu, kunnenta a kai, da ta ji murya ta fara ja ta kashe ta naɗe. In ɗayanku ya tashi shan ruwa, mahaifiyarku ta yi shiru.

Ni mai gyara ne. Wannan lalacewar ba za ta ci mini rabin wuni ba. Na bar ta haka da gangan, tun ranar da na ga ku biyun manya kun yi kwana da kwanaki ba ku magana a kan wani faɗan banza, amma da la'asar ta yi kuka zo kuka durƙusa a gabanta kafaɗa da kafaɗa, don ba yadda za ku yi. Saboda haka ga rabona: rakodar ta Auta ce, wayar ta Injiniya ce, kaset da biron na Uwata. Kuma na hana a gyara ta. Ko mai gyara ya ce kyauta zai yi, a ce masa an gode.

Injiniya, kai nake ji. Na gan ka kana tona gwangwanin kusoshina kana neman ɗan sifirin da zai shiga ƙofar nan, na yi kamar ina barci. Ka gano ciwon, daidai ne, kuma na ji daɗi har na kusa tari in tona kaina. Hannunka ya fi nawa. Ka gyara na duniya duka, ka ci abinci da shi, amma wannan ka bar ta. Ranar da ta yi waƙa ba tare da hannu uku ba, ɗayanku zai iya ɗaukarta ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, kuma daga ranar babu abin da zai sa a nemi sauran.

Na biyar. Yaya, da ke ƙanwata, da ku nake. Ban ce ku mugaye ba ne. Kun riƙe ni a asibiti lokacin da ba ni da mai riƙewa, Allah Ya saka muku. Maganar da ta shiga tsakaninku da Kaka ranar rasuwar matata, har kuka daina gaishe ta, na roƙe ku a binne ta tare da ni. Wanda yake son taimakon yaran nan ya kawo taimakon inda suke. Wanda yake son ɗauka ya ɗauki ukun, har da tsohuwar. In ba zai iya ba, babu laifi, ya bar su. Na san takarda ba ta da hannun da za ta riƙe ƙofa. Amma an karanta muku, kun ji, kuma akwai ranar da zan tambaya.

Na shida. 'Ya'yana, ba da faɗa abin zai zo ba, kada ku jira faɗa. Bayan an watse daga zaman makoki, wani zai ce yaron ya zo ya ɗan huta, ya canja iska. Wata za ta ce Uwata ta taya ta kwana biyu kafin ta sami mai aiki. Da murmushi za a faɗa, da alawa a hannu. Kada ku ɗaga wa babba murya. Ku gaishe shi, ku zauna a ƙasa kusa da Kaka, ku ce Baba ya ce inda ɗaya ya je nan uku za su.

In an fi ƙarfinku, don yana yiwuwa, to kowa ya tafi da rabonsa. Injiniya ka naɗe wayarka a ƙasan jaka. Uwata ki ɗauki kwalinki. Rakodar ta zauna da Auta. Kada ku nemi aron wata ku saurara a ɓoye. Na san abu ne mai zafi in hana ku muryar uwarku, na yi ta juya shi a raina kafin in rubuta. Gara kewar ta riƙa cizonku kullum har ta koro ku gida, da ku saba.

Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya raya ku, Ya ba ku masu jin ƙanku, Ya sa ku zama masu jin ƙan wasu. Uwata, na yafe miki, kada ki zama uwa har ki manta ke yarinya ce. Injiniya, na yafe maka, ƙannenka da yayyenka biyu ne kacal, ka ƙirga su kullum. Auta, ba ki yi mini komai ba, ki danne ƙofar nan da kyau. Ku ma ku yafe mini, ku riƙa sa ni da mahaifiyarku a addu'a.

Yanzun nan Kaka ta leƙo ta ce Baffanku ya aiko, yana tafe ƙarshen mako da mota, a wanke wa Injiniya kayansa. Da sauran numfashina, na ce kada a wanke. Ranar da ba ni da bakin faɗa, ku za ku faɗa, ku uku, baki ɗaya.