Robar da Za a Sa a Wuyanki

Ya hasken idona, ruwan sanyina a tsakar rana, inuwar da nake fakewa in duniya ta yi zafi, uwar 'ya'yana kuma amaryata har gobe,

Na ba yayarki takardar nan ta karanta miki, domin ɗazu a gefen gadonki na kasa faɗa miki da baki. Tsoro nake ji, masoyiyata, irin wanda ban taɓa ji ba.

Tun ranar da kika zame a matakala, hannunki na dama ya fara mutuwa, ban sake samun kaina ba. Yau likita ya ɗora mini wani ɗan abu a tafin hannu, bai kai kan babban yatsa ba, ya ce irinsa za su sa gobe tsakanin ƙasusuwan wuyanki. Ina gani na gane shi! Robar nan ce mai jure zafi, wadda na shekara goma sha ɗaya ina narkawa a masana'anta, sai dai tasu an fi tace ta.

Kin tuna ranar da na kawo miki ɗan zoben robar nan gida? Kika ce ƙarya nake, ba robar da za ta jure tafasa. Kika jefa shi a tukunya, muka shiga hira, har ruwan ya ƙone ƙurmus. Tukunya ta yi baƙi, zobe ko gezau. Dariyarki ta ranar, kamar saukar ruwan farko a busasshiyar ƙasa, ita ke yi mini amo yanzu.

Na san robar nan. Sai zafi ya haura digiri ɗari uku da arba'in take narkewa. Ba ta tsatsa, mai ba ya cinta, ta fi ƙarfe rashin nauyi. Tana cikin injin mota, tana cikin jirgin sama. Likita ya ce taurinta ya yi kusa da na ƙashi, kuma ba ta tare hoton asibiti. Duk na zayyana wa mahaifiyarki, har ta share hawaye ta ce tunda ni na faɗa, hankalinta ya kwanta.

Amma me na sani game da wuya? Robar na sani, ban san wuƙa ba, ban san wannan barcin da za su sa ki ba. Duk da haka na sa hannu a takardarsu ta amincewa da aikin. In wani abu ya same ki, wa ya yarda? Ba ni ba?

Ki farka, don Allah, tauraruwata. Ki farka ki yi mini faɗa a kan rigar da ban goge ba. Autarmu ta tambaye ni yaushe za ki dawo ki yi mata kitso, na ce ba da daɗewa ba, na fita waje don kada ta ga fuskata.

Gobe ina kan bencin ƙofar tiyata, ba inda za ni. In hannun ya dawo, zan riƙe shi. In bai dawo ba, ga nawa biyu, naki ne.

Mijinki, naki ke kaɗai har numfashin ƙarshe.