Atishawar Kakar Salma

Ɗan Kassari, ranar Lahadi

Zuwa ga aminiyata Adama,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da zan ɗora miki damuwata, alhali na san aikin likita bai bar ki kin huta ba. Ina gajiya, ina baƙunta a Guéchémé? Yaya maigidan da yara, yaya ƙafar nan taki? Na so in kira ki a waya, to kin san gidanmu, zana ce kawai tsakanina da kunnuwan mutane.

Maganar numfashin nan ce da kika koya mini ina takabar Malam, lokacin da ƙirjina ke ɗaurewa kamar an kifa mini turmi. Kin ce abin sunansa yoga, kuma iri-iri ne: akwai na miƙe gaɓoɓi, akwai na sauri mai sa gumi, akwai na zama kawai. Na ce miki ban son mai sunkuyo, kada ya yi kama da ruku'u. Na ɗauki na zaman: in tanƙwashe ƙafa bisa tabarma, in rufe ido, in ja numfashi ta hanci har ciki ya cika, in sake shi a hankali. Allah ya sa mini sauƙi a ciki. Na koma cin tuwo, na koma tilawata ba yankewa.

Ashe jikata Salma na kallo. Kin san tun da aka kawo mini ita yaye ba ta koma ba, ubanta da bakinsa ya ce ya bar mini. Tun rasuwar Malam ita ce abokiyar hirata.

Ran sunan ƙanenta a Dogon Dutsi, mata cike da tsakar gida, yarinyar nan ta zauna tsakiyar tabarma, ta tanƙwashe ƙafa, ta rufe ido, ta shiga jan numfashi. Aka tambaye ta me take yi, ta ce haka Kaka ke yi in abin ya taso mata. Wata tsohuwa cikin dangin uwarta ta yi dariya ta ce, "Ashe doguwar gidan ba ta bi mai ita kushewa ba."

Ke ba 'yar garin nan ba ce, Adama, ba ki san abin da kowa ya sani ba. Innarmu 'yar bori ce, aljanar nan doguwa ke hawan ta, har daga ƙauyuka ake zuwa. Babanmu ya kai ni makarantar allo don kada in gada. Na sauke, na auri malami, ko goge na ji daga nesa hanya nake sakewa.

Ɗana, baban Salma, ya biyo ni gida. Kin san shi da tsare sunna, shi da abokan kasuwancinsa, ni kuwa ban taɓa ƙin haka ba. Ya durƙusa ya tambaye ni cikin ladabi. Don in wanke kaina na ce ai na likita ne, sunansa yoga. Da na sani na yi shiru. Ya danna wayarsa ya nuna mini mutanen wata ƙasa sun haɗa tafi suna sunkuya wa rana. Ya ce ta nan aljanin gado ya samu ƙofa, zai kawo masu ruƙiyya, kafin nan Salma za ta zauna wurinsu. Ya ɗora ta bisa babur, takalminta ɗaya ma yana nan.

Ba zargin ki nake ba. Ki dai gaya mini tsakani da Allah, akwai bauta cikin abin da kika koya mini?

Ina gaida kowa da kowa.

Taki,
Zalihatu

Ɗan Kassari, ranar Asabar

Aminiyata Adama,

Bayan sallama da fatan kuna lafiya, ke da iyali. Amsarki ta iso hannun direban ran kasuwa, Allah ya saka miki da alheri. Da kika ce ja da sakin numfashi ne kawai, har masu naƙuda kuke koya wa, zuciyata ta kwanta. Na karanta wa baban Salma. Ya ce yana girmama ki, amma likita bai san aljani ba.

Jiya suka zo, malamai biyu matasa, masu kunya. Suka rufe ƙofa da taga, suka kunna turare, suka shiga karatu da ƙarfi dab da kunnena. Ayoyin da nake so ne, ina bin su a zuci. To ga hayaƙi, ga zafi, ga ɗana tsaye yana kallo na kamar wata baƙuwa. Ƙirjin ya ɗaure. Na daure iyakar daurewa, da na ga zan shiɗe sai na rufe ido na ja numfashin, don ban san wata dabara ba. Nan take na ji ɗayan ya ce ga shi nan ya iso. Suka ce in faɗi sunana. Na ce Zalihatu. Suka ce mai taurin kai ne, ya ɓuya a bayan sunanta, sai an sake zama.

Maƙwabciyata Sahura ta shigo bayan sun tafi. Kin san bakinta. Ta ce, "Ke dai Malama wahalar da kanki kike. Ki yi ƙara, ki faɗi, ki yi atishawa, su ce ya fita, a maido miki 'yarki." A nan haka aka sani, mai hawa in zai sauka da atishawa yake tafiya. Na ce mata yaya zan yi ƙarya ga Alƙur'ani buɗe a gabana? Ta ce to in ci gaba da gaskiyata ni kaɗai a ɗaki.

Shamsiyya, uwar Salma, ta aiko cewa yarinyar ba ta cin abinci. Na so ki zo ki yi musu bayani da bakinki, amma na san ruwa ya ɓata hanya, kuma ban ga alamar za su saurara ba. Ki sa mu a addu'a.

A gaida maigidan.

Zalihatu

Ɗan Kassari, ranar Litinin

Adama,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya, ya yara?

Na yi abin da Sahura ta ce.

Shamsiyya ce ta kira ni a ɓoye ta ba Salma wayar. Muryarta ta dushe. Ta ce, "Kaka, na daina yi. Ki zo ki ɗauke ni." A zatonta laifinta ne. Da malaman suka dawo ran Juma'a, suka tambayi suna, sai na ba su na doguwar Innarmu. Ban sha wahalar nema ba, na tashi ina jin muryar nan a bakin Innarmu. Na faɗi ƙasa, na ce zan fita, na yi atishawa. Suka yi kabbara. Ɗana ya rungume ƙafafuna yana kuka, yana neman gafarar barin da ya yi mini da wannan abu shekara da shekaru.

Na jira suka sha ruwa, sannan na tambayi ɗana yaushe za a kawo Salma. Ya ce a da zato yake, yanzu kuwa ya ji da kunnensa, kuma malaman sun ce irin wannan doguwar, jinin mata take bi, daga uwa zuwa 'ya zuwa jika. Ba zai iya barin ɗiyarsa a gidan da abin ya saba ba. In na yi marmarinta in zo Dogon Dutsi in gan ta, a gabansa. Har an sa ta lakwal can, makarantar boko.

Ba ni da bakin cewa ƙarya na yi. In na faɗa, za su ce doguwar ce ta dawo tana magana. Ina ta istigfari, ban san ko wace kaffara ke kaina ba, kuma ba malamin da zan iya tambaya a garin nan. Mata sun fara shigowa yi mini barka. Wata ma ta tsaya daga baya, ta tambaye ni a hankali ko ina duba wa mutane kamar Innarmu.

Ƙirjin ya dawo, ya fi na lokacin takaba. Ban isa in zauna in rufe ido ba, kullum akwai mai leƙowa. Cikin ire-iren nan da kika lissafa mini, ko akwai wanda ake yi a tsaye, ido buɗe, ba wanda zai gane? In akwai ki rubuto mini yadda ake yi. Direban zai juyo ran kasuwa. Don Allah ki ba shi amsa, kada ki jinkirta.

Ina gaishe ku duka.

Taki,
Zalihatu