Hayaƙin Taya a Layin Dogo

Da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ni Benson Didam, tsohon direban jirgin ƙasa mai amfani da kwal, mazaunin Trikania, nake rubuta wannan da hannuna. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi sai na lallaɓa shi yake zuwa, amma kaina garau yake. Kada wani ya ce tsufa ne ko maganin asibiti ya sa ni faɗin abin da ke nan. Zuwa gare ku 'ya'yana uku, Juliana da Haruna da Ebenezer. A karanta kuna zaune wuri ɗaya, kuma Juliana ce za ta karanta, don ita ba ta tsallake layi.

Ku san abin da ya tokare mini wuya tun daga farko. Malam Shehu na Makera, fayaman ɗina, wato mai zuba mini kwal a wuta duk shekarun da na yi ina tuƙi, ya ɗauke ƙafa daga gidan nan tun ranar bikin jirgin nan na bara. Ɗan cikina ne ya jawo. Ba na son a rufe ni a haka.

Na ɗaya. Gidan Trikania naku ne ku uku, ba na sayarwa ba ne. Juliana ta zauna a ciki. Ita ta yi jinyar mahaifiyarku har ta rasu, ita ce kuma take ɗawainiya da ni yanzu ba ta taɓa yatsina fuska ba. Filin Mahuta na Haruna ne. Na Kamazou na Ebenezer ne, amma takardarsa za ta zauna a hannun Juliana sai ya cika abin da na rubuta a ƙarshe.

Na biyu. Hoton nan da aka rataya a falo, wanda nake leƙowa ta tagar jirgi ina ɗaga hannu, a sauke shi a ƙone. Kada a buga shi a riga ko kalanda ranar jana'izata. Ku daga ƙasa kuka kalli bikin kuna tafi. Ni a ciki nake, bari in gaya muku abin da na gani.

Da Ebenezer ya zo mini da labarin cewa kamfanin shirya bukukuwa da yake wa aiki ya samo tsohon kan jirgin kwal, an gyara shi, za a sake ɗora shi a layi, har abinci na kasa ci don murna. Na tambaye shi inda za su sami ruwa, tunda famfunan da muke ɗura wa jirgi a tashoshi sun daɗe da zama tarihi. Na tambayi kwal, na tambayi inda za a juya kan jirgin idan ya kai. Duk ya ce an gama shiri. Da fari har Abuja suke cika baki za su je, sai da aka tuna musu sabon layin ya fi ƙafafun tsohon jirgi faɗi. Suka dawo tsohon layi, daga nan zuwa Kakau a dawo.

Ranar suka sa mini sabbin kayan aiki da karin guga a jiki, suka ciccibe ni zuwa mazaunin direba. Na ɗora tafin hannu a jikin tukunyar jirgin, na ji ta da sanyi kamar randa. Fenti ne kawai aka yaɓa a kan tsatsa, har gilashin duba ruwa an shafe da shi. Na buɗe ƙofar wuta, sai ga rabin duro cike da guntayen taya da tsummokara da baƙin mai, su za a ƙona su ba da hayaƙi. A ƙarƙashin kujerata an ɗaure lasifika, ita ce za ta yi kukan jirgi. Gefena wani ƙato mai faffaɗan ƙirji, an shafa masa gawayi a kumatu, yana riƙe da shebur ɗin da ko takardar kanti ba a ɓare masa ba. Can baya kuma injin dizal, an lulluɓe shi da kyallayen talla, shi ne yake tura mu. Gawa aka ɗauko aka shafa mata hoda aka fito da ita yawo.

Muka tafi cikin warin da ake ji a mahauta inda ake babbakar ganda. A Kakuri na ga wani tsoho a bakin layi ya cire hula yana share hawaye, ya ɗauka jirgin ƙuruciyarsa ne ya dawo. Ni kuwa mai ɗaukar hoto yana ta yi mini alama in yi murmushi. Tir da wannan rana.

Na uku, maganar Shehu. Kuna ganinsa tsoho mai sanda da ke zuwa ya zauna a bencin ƙofar gida yana shan shayi, ba ku san ko wane ne ba. Direban jirgin kwal ransa a hannun fayaman yake. Idan ya bar ruwa ya sauka a tukunya, sai ta fashe, ko gawar direba ba za a tsinta ba. Idan ya bar wuta ta yi sanyi a hawan dutse, jirgi ya tsaya da mutane a tsakiyar daji. Shehu bai taɓa barin ko ɗaya ya faru ba. A kan shebur ɗinsa muke soya ƙwai mu ci da hannu tare. In lokacin salla ya yi, ni nake karɓar shebur ya hau kan tarin kwal ya yi abinsa. Da azumi, in rana ta take, nakan zuba masa wutar ya ɗan huta, shi kuma ya riƙe mini ido a kan hanya. Da aka haifi Ebenezer mahaifiyarku ta kwanta ciwo, matarsa Indo ce ta goye shi har ya yi wayo.

Wannan mutumin ne ya ji labarin biki, ya sa Indo ta wanke masa tsohuwar rigar aikinsa, ya tako da sanda daga Makera zuwa tasha. Ba shi da katin gayyata. Masu gadi suka tare shi, ya ce a kira masa Ebenezer. Ebenezer ya zo, ya dubi rigar mai faci, ya dubi manyan baƙin da ke bayansa, ya ce wa masu gadi bai san shi ba. Ni ina can sama an zaunar da ni kamar kayan ado, ban san abin da ake ciki ba, sai da yamma Juliana ta gaya mini tana kuka. Shehu bai yi musu da kowa ba, ya juya ya tafi gida.

Hayaƙin tayar nan na fitar da shi daga ƙirjina da tari. Wannan kuwa ya ƙi fita. Juliana ta je ba da haƙuri, Haruna ya je, Shehu ya karɓe su da fara'a ya ce ba komai, amma bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kai kuma Ebenezer, da na matsa maka, sai ka ɗora buhun shinkafa a bayan ɗan acaɓa ka aika masa, kamar wanda ya zo bara. Ban san inda ka koyo wannan ba. Ba a gidana ba ne, ba kuma a bayan Indo ba.

Na huɗu. Haruna, marin da ka yi wa ƙanenka a gaban matarsa ya isa haka. Na san dalilinka, ni ma da ina da ƙarfi da na riga ka. Amma gabar da kuke yi, ku haɗu a coci kowa ya kau da kai, 'ya'yanku su daina shiga gidajen juna, ba ta wanke wa Shehu komai ba. Kai ne babba, kai za ka fara yi masa magana.

Na biyar. Na ji ana cewa kamfanin zai sake fito da jirgin, wannan karon da wutar gaske. Kada ku ɗauka na ƙi a tayar da tsohon jirgi. Juliana ta nuna mini a waya ƙasashen da ake yi: a buɗe tukunya a sauya bututun da suka ruɓe, a gwada ƙarfinta kafin a kunna ashana, tankar ruwa ta jira a hanya, a ba jirgin lokacin da ba zai tare wa jiragen zamani hanya ba. Har injin dizal sukan haɗa a baya saboda tsaro, kuma ba abin kunya ba ne tunda wutar gaba ta gaskiya ce. Idan aka yi irin wannan a Kaduna, ku kai jikokina su ji ƙamshin kwal da tururi. Amma waccan tukunyar da na taɓa da hannuna, in aka hura mata wuta ba a buɗe cikinta ba, kada jinina ya hau, kada ya tsaya kusa. Kada kuma a yi amfani da sunana a tallarsu.

Na shida. Fitilar hannuna ta aiki da hulata na Haruna ne, Littafi Mai Tsarki na Juliana. Kada a ara wa masu ƙawata wurin biki ko ɗaya. A jana'izata zumuntar mata su yi waƙa da bakinsu. Duk wanda ya kawo lasifika ya kunna kukan jirgi a kan gawata, ku kore shi.

Na bakwai, kuma shi ne sharaɗin. Ba za a zuba mini ƙasa ba sai Shehu ya zuba shebur na farko. Na gaya wa fasto, ya yarda. Ba Juliana ce za ta je ɗauko shi ba, ba Haruna ba. Ebenezer ne, da ƙafarsa, ba mota, ba saƙo, ba tsaraba. Ya shiga zauren ya durƙusa a gaban Shehu da Indo da duk wanda ke zaune, ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya kira shi Baba kamar yadda ya saba tun yana ƙarami. In Shehu ya ce ba zai zo ba, kada a takura masa. Ku mayar da ni ɗakin ajiye gawa, Ebenezer ya koma washegari, ya sake komawa. Ni ba sauri nake yi ba. In kuwa kana da sauran kunya, ɗana, ba sai ka jira na mutu ba, Makera ba nisa.

Ubangiji ya tsare ku, ya haɗa kanku, ya sa ku ci gaba da cin abinci a kwano ɗaya bayan ba ni. Kada ku bar gidan nan ya watse, kada kuma ku bar hanyar da ke tsakaninsa da gidan Shehu ta mutu. Juliana, na sa miki albarka, Allah ya ba ki masu yi miki yadda kika yi mana. Haruna, na sa maka albarka, Allah ya sanyaya zuciyarka. Ebenezer, autana, ina ƙaunarka har yanzu, shi ya sa abin yake ci na. Kai ma na sa maka albarka, amma na ajiye ta a Makera. Je ka ɗauko.

Mahaifinku,
Benson Didam