Batir Biyu a Jakata

Ajingi, Litinin, 6 ga Oktoba

Zuwa ga Kawuna, Malam Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, ku da Inna Hanne da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taku? Mu nan lafiya, sai gajiya.

Na kira ku sau uku ranar Juma'a, ina ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo, ku kuma kuna ta tambayar wa ke magana. Tun da kunnen ya ƙi waya, na koma takarda. Datti direba zai riƙa miƙo muku in ya biyo ta Gaya.

Kawu, an sake ɗora mini taron yaye matan ajinmu na yaƙi da jahilci a Toranke, ranar Asabar ta sama. Ban taɓa ba ku labarin na bara ba, don kunya. Kamalu mai hayar lasifika bai iso ba sai da baƙi suka zauna. Yana haɗa kaya makirfo ya fasa wata ƙara, yara suka toshe kunne. Hotunan da muka so nunawa da majigi babu wanda ya gani, rana ta cinye su. Daga baya inji ya mutu. Matan suka yi karatunsu, ko sahun gaba bai ji ba. Da kunnena na ji wani magidanci yana cewa, "Wai me suka koya ne?" Kafin wata ya ƙare, mutum biyu sun cire matansu daga aji.

Bana mata ashirin da uku ne. Babbarsu Iya Baiwa, mai ƙuli-ƙuli, ta haura sittin. Shekara uku tana zuwa, ko lokacin cirar gyaɗa ba ta fashi. Ta rubuta wani abu da hannunta, ta ce a taron za ta karanta, ko ni ta hana ni gani. Ga shi muryarta ƙarama ce, sai ka matsa kusa.

Kun yi shekara talatin kuna haɗa lasifika a wa'azi da walima. Don Allah ku rubuto mini duk abin da ya kamata in duba. Ba zan iya ganin irin na bara ba kuma.

Yusuf da yara suna gaishe ku.

'Yarku,
Fauziyya

Ajingi, Alhamis, 16 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kun tashi lafiya. Takardarku ta iso, shafi biyu cur. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Na bi ta layi-layi. Da na ce wa Kamalu za mu gwada kaya ranar Talata, a ɗakin da za a yi taron, kuma daidai ƙarfe goma kamar yadda kuka ce, sai ya yi dariya. "Malama, shekara goma nake wannan aiki, ba matsala." Na ce masa takardar Malam Badaru ce a hannuna. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce zai zo.

Gara da muka gwada. Soket ɗaya ne a ɗakin, shi ma a ƙone. Wayar majigin ba ta shiga kwamfutar da na aro, sai da na hau acaɓa zuwa Gaya jiya na nemo mahaɗi. Ban biyo ta gida ba, ku yafe mini, rana ta yi. Ƙarar nan ta bara kuwa, ashe lasifikokin ne yake ajiyewa a bayan mai magana. Muka dawo da su gaba, suna kallon jama'a, shiru kake ji. Inji mun kai shi bayan katanga da doguwar waya, na auna man da yake sha a awa ɗaya da idona. Tagogi kuma matan sun ce za su kawo zannuwa masu duhu a rufe.

Abu ɗaya ban samu ba. Kun ce a tanadi makirfo mai waya ko da mara wayar zai ba da matsala. Na Kamalu ya lalace, na masallaci kuma akwai ɗaurin aure ranar. Sai na sa sabon batir a mara wayar, na sayi wasu biyu na jefa a jakata.

Na sa Iya Baiwa ta gwada. Tana yin sallama ta ji muryarta ta cika ɗaki, sai ta saki makirfon ta ja da baya, ta ce wannan ba ita ba ce. Muka yi ta lallashi. Ta ɗauka ta riƙe shi a saitin cikinta kamar ludayi. Sai da na kama hannunta na kai shi kusa da haɓarta, sau wajen goma, tana karanta kwalin magani don kada in ji nata rubutun.

Kawu, na gaji. Sau huɗu na je Toranke a makon nan, bayana kamar an daka. Yusuf ya ce taron wuni ɗaya ya cinye masa mata. Gaskiya ya faɗa.

Ku sa mu a addu'a.

'Yarku,
Fauziyya

Ajingi, Talata, 21 ga Oktoba

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, ina gaida Inna. An yi taro, kuma na yi wani abu da nake so ku ji daga gare ni kafin wani ya kawo muku.

Da farko komai ya tafi daidai. Hotuna suka fito tar a bango, mata na nuna kansu suna dariya. Mazan ma sun cika benci har waje. Babban baƙon da aka gayyato ne bai iso ba sai sha biyu saura, kuma aka hana mu kashe makirfo, ana ta sanarwar yana hanya. Da ya zo, an ba shi minti goma. Ya yi arba'in bai kai rabi ba. Ya ambaci kowa da kowa ban da matan da ke zaune a gabansa. Azahar ta matso, mazan baya sun fara neman takalmansu.

Sai makirfon ya fara yankewa. Kamalu ya waiwayo ya miƙo mini hannu, ya san abin da ke jakata. Kawu, na kalli Iya Baiwa, ta damƙe takardarta har ta jiƙe da gumi. Na san in na bayar, mutumin nan zai kai mu la'asar, ta karanta wa benci. Sai na kawar da kai. Makirfon ya mutu. Baƙon ya bubbuga shi, ya ɗan yi magana da baki, babu mai ji, ya ce a taƙaice ke nan, ya zauna.

Da na yi dabara na fita waje na canza, da shi ke nan. Gajiya ta hana ni tunani. A gabansa na buɗe jaka na sa batirin, na kira Iya Baiwa.

Ta kai shi haɓarta yadda muka yi. Ta ce, "Ni Baiwa, na haifi tara, huɗu sun rasu tun suna goye. Babu wanda ya taɓa rubuta sunansu a ko'ina. Yau na rubuta." Ta karanto su ɗaya bayan ɗaya, tana bin layi da yatsa, kowane da shekarar da ya rasu, wannan shekarar fari, wancan shekarar ƙyanda. Har na bakin taga sun ji. Waɗanda suka sa takalma suka tsaya a ƙofa har ta gama.

Baƙon bai tsaya rabon takardun shaida ba. Jiya shugabarmu ta kira ni, ta ce in rubuta takardar ban haƙuri, kuma an cire ni daga kwamitin taro. Na rubuta. Laifin na yi shi, ban musa ba. Cirewar kuwa, wallahi sai da na ji kamar an sauke mini buhun gero daga ka.

Yau da na je aji na tarar da sababbin mata bakwai zaune a tabarma, kowace da fensir sabo. Benci bai isa ba, allo ya tsage, muryata ma ta dushe. Na ɗauki alli na fara musu daga baƙin farko.

Zan zo Gaya ranar Juma'a in Allah Ya kai mu. Ku ce wa Inna kada ta yi girki, ta shimfiɗa mini tabarma kawai.

'Yarku,
Fauziyya