Ba Giya Nake Dafawa Ba, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, na rubuto ne in ƙarasa bayanin da kika kashe waya ban gama ba.

Kin san yis ɗin da kike zuba wa ƙullun masa ya tashi. A kansa nake aiki. Akwai wani zaƙi a cikin karan dawa da yis ba ya iya ci. Mu muka gyara halittarsa a ɗakin bincike har ya koyi cinsa, yana ba da sifirit ɗin da ake wanke rauni da shi a asibiti. Aikin ke nan.

Ƙanenki, Kawu Sani, ya zo birni, ya biyo wurin aikina ya ga tankunan yis suna kumfa, ya shaƙi warin tsami, bai tambaye ni komai ba. Ya ci tuwona, ya koma Gummi, ya tsaya ƙofar masallaci ya ce ɗiyar mai masa burkutu take dafa wa kamfani.

Daga nan layin gaban tandarki ya watse. Maƙwabta suka hana yaransu zuwa. An ce kullum sai kin soya masar, ta huce a kwano, ki juye wa awaki.

Maganarki ta ƙarshe gare ni ita ce, "Da masa na kai ki boko, kin saka min da kunya." Ba a jima ba hawan jini ya kayar da ke a gaban murhu.

A zaman makoki, matan da kika sha yi wa suyar suna suka ja tabarmarsu nesa da ni. Wata ta wanke moɗar da na sha ruwa da ita, ina kallo.

Aikin ya yi nasara, Inna. Za a fara sayen kara wurin manoman Gummi da Bukkuyum. Kawu ne ya fara kirana, yana dariya, wai in sa shi wakilin saye, ai ni ɗiyarsa ce. Na ce ya koma ƙofar masallacin ya wanke ki tukuna. Ya ce abin da ya wuce ya wuce.

Innata, ina kewar hannunki mai ƙamshin man gyaɗa. Ban taɓa riƙe ki a zuciya ba, ƙarya aka kawo miki. Allah ya haskaka kabarinki, ya sa ki ji gaskiyar a can. Shi kuwa Kawu, ban yafe ba.

Ɗiyarki,
Hadiza