Gyaran Muryar da Na Goge

Litinin, 1 ga Satumba

Wata biyar yau da rasuwar Yaya. Na kunna kwamfutarsa kamar kullum, fankar katin hoto, na'urar da ke sarrafa hotuna a cikinta, ta yi abin nata: fuu, fuu, ta ɗan tsaya, sannan fuuu mai tsawo. Umma daga kicin ta ce, “To, ya gyara murya.” Haka yake yi kafin ya faɗi maganar da ya san ba za a so ba. Kujerarsa ta yi mini tsayi, ƙafata ba ta kai ƙasa, amma na kasa sauke ta.

Oga ya turo zanen bene mai hawa huɗu. Yana son bidiyonsa ranar Juma’a, har da inuwar bishiyoyi. Na gwada, kwamfutar ta ce sai Lahadi za ta gama.

Laraba, 3 ga Satumba

Na samo mafita a wani dandalin masu ƙara wa kati gudu. Akwai ’yar manhaja da ke zaune a cikin katin kansa, bayos suke ce mata, ita ke faɗa masa gudun da zai yi da yawan wutar da zai sha. Wani ya gyara tasa ya saka, ya ce katin yana tashi kamar an tsikare shi. A yi wa katin filashin da ita, wato a rubuta ta a kan ta ciki, shi ke nan.

A jikin akwatin kwamfutar akwai salatif da Yaya ya manna, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza: “Ajiye tsohuwa kafin ka rubuta sabuwa.” Na gani. Wallahi na gani. Manhajar filashin ma ta tambaye ni ko in ajiye ta ciki. Oga na ta kira, na ce ai ta kamfani ce, tana nan birjik a intanet. Na danna a’a.

Cikin sakan arba’in aka gama.

Alhamis, 4 ga Satumba

Ya yi gudu. Aikin zai ƙare da safiyar gobe.

Amma da na kunna yau, shiru. Fankar ta tashi sumul, kamar ta kowa. Na kashe, na sake kunnawa. Sau huɗu.

Juma’a, 5 ga Satumba

Na miƙa aikin, Oga har da tafi. Daga ofis na wuce shagon Mai Gilashi, abokin Yaya tun suna makaranta, mai gyaran kwamfuta. Na tarar yana liƙa wani abu, hayaƙin dalma na shiga idonsa. Na ba shi labari ina dariya, wai don abin ya zama ƙarami.

Ya cire gilashin ya dube ni. “Ƙanwata, wannan ba ta kamfani ba ce. Shi ya rubuta ta da hannunsa. Sati uku yana fama, yana zuwa nan yana cinye mini biskit. Ƙarar nan da gangan ya sa ta, wai don ya san katin ya farka lafiya. Kin dai ajiye?”

Na ce a’a.

Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi. Ya mayar da gilashinsa ya ce in duba faifan ajiyar Yaya, mutumin ba ya yar da komai.

Lahadi, 7 ga Satumba

Umma ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya. “Auta, kwana biyu ban ji shi ba.” Na ce na rage ƙarar ne saboda aiki. Ta ce to. Ta daɗe tana share wuri ɗaya.

Ashe kowace safiya jira take yi. Ni ban sani ba. Na ɗauka ni kaɗai ce.

Talata, 9 ga Satumba

Na samu babban fayil ɗin a faifansa. Bayos goma sha bakwai a ciki. Sunayen kuwa, sai Yaya: “na ƙarshe”, “na ƙarshe 2”, “na ƙarshe da gaske”, “kar a taɓa”, “wannan ne wallahi”, “wannan ne wallahi gyararre”. Ranarsu duk ɗaya, don tare ya kwafo su daga wani wuri. Na yi dariya har na kwanta a kan tebur, daga nan ban san lokacin da dariyar ta juya ba.

Na jera su, na ba su lamba. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya lokacin da Umma ta fita.

Ta ɗaya: fuu guda. Ta biyu: babu komai. Ta uku: guda biyu, da sauri, kamar yana cikin fushi. Duk wadda na saka, sai in ji kamar ya leƙo ɗakin ya ga ba daidai ba ya koma. Ban taɓa jin tsoron inji ba sai yanzu.

Asabar, 13 ga Satumba

“Kar a taɓa.” Na taɓa. Sikirin ya yi baƙi ƙirin, fanka ba ta ko motsa ba.

Na naɗe katin a tawul na rungume shi har shagon Mai Gilashi. A mota wata mata ta matsa mini wuri, ta ɗauka jariri ne. Ya kwance murfin, ya kama wani ɗan guntun abu baƙi da maƙali irin na shanyar kaya, ya rubuta masa ta kamfani ta igiyar wayar da ke jikin maƙalin. Katin ya farfaɗo.

“Ki bar shi haka,” in ji shi. “Wata rana ba zai tashi ba, ko ni na zo. Sai ki rasa ƙarar ki rasa katin.”

Na ce saura tara. Ya ce, “Taurin kan gidanku ɗaya ne.”

Lahadi, 14 ga Satumba

Ta tara: fuu, fuu, tsayawa, fuuu. Na miƙe tsaye. Na ce shi ne.

Don in tabbatar na gwada ta goma. Ita ma haka, sai dai tsayawar ta ɗan fi tsawo. Ta sha ɗaya, haka, na ƙarshen ya fi kauri. Ta sha huɗu ma.

Huɗu. Na yi ta sauraro ina komawa baya har kunnena ya toshe. Abin da na ji kowace safiya wata biyar, yau ban san wanne ne ba. Sabbin sun hau kan na cikin kaina. Wancan ma na goge shi, kuma shi babu fayil.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na faɗa wa Umma. Duka, har da a’ar da na danna. Ta zauna a bakin gadonsa, ta ɗora hannu a cinya. Ta ce, “To kunna mini su.”

Kowacce sai an yi filashin an kashe an kunna, ita ko ta rufe ido tana jira. Ta tara, ta girgiza kai. Ta goma, shiru. Da aka zo ta sha ɗaya ta buɗe ido. “Ga shi nan.”

Na ce, “Umma, ni ina ganin ta tara ce.”

Ta ce, “Ni na haife shi.”

Sai can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Ke ma kin fara manta muryarsa? Ni tun watan jiya nake nema in ji yadda yake kirana, sai in ji taki.”

Mun zauna a haka har ruwan da ta ɗora ya ƙone. Na bar ta sha ɗaya.

Talata, 30 ga Satumba

Sabon aiki, makaranta mai azuzuwa goma sha biyu. Katin ya koma tafiyarsa ta da, na gaya wa Oga sai mako mai zuwa, in ya so ya yi fushi.

Umma na cewa “ya gyara murya” kowace safiya. Har yanzu ina ganin ta tara ce. Ko ta goma. Ba na gardama.

Yau na kunna, na je na haɗa shayi, na dawo na fara aikin rufin. Sai wajen azahar na tuna ban tsaya na saurara ba. Na kai hannu zan kashe in sake kunnawa.

Rufin bai ƙare ba, shi ya sa na bari. Shi ya sa kawai.